Tun rasuwar Gwaggona hannuna bai bar laluben jikina ba, komai na ji sai in ce kansa ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce shekarata 27 da yara biyu, matsalata ta faro ne tun bayan rasuwar Gwaggona wadda ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ciwon daji na mama, wato kansa, shi ne ya yi ajalinta tana da kusan shekara sittin, kuma ni na yi jinyarta har ƙarshe, ni ke wanke mata ciwon ina sauya mata tsumma, Anti abin da idona ya gani ba zai faɗu ba, har yau in na rufe ido warin nake ji. To tun daga nan ban sake samun kwanciyar hankali ba. Kullum hannuna na cikin riga ina laluba, in na shiga wanka sai an ƙwanƙwasa min ƙofa saboda daɗewa, ina latsa nan ina latsa can har wajen ya yi tsami yana min ciwo, in ya yi ciwon kuma sai in ce shi ke nan ta tabbata. Na je asibiti an min sikanin an ce babu komai, na yi kwana biyu ina murna sai zuciyata ta ce ai ƙila mai hoton bai duba da kyau ba, na kwashi kuɗin adashina na tafi wani wajen nan ma aka ce lafiya lau. Yanzu kuma abin ya bar mama ya koma wuya, ina jin wani abu ya tokare min maƙogwaro, na duba a Google na ga an ce alamar kansar maƙogwaro ce. Ranar nan kaluluwa ta fito min a hammata wallahi ban runtsa ba har aka kira asuba, ina kallon yarana suna barci ina kuka ina tunanin wa zai riƙe min su. Na daina sa magi a miya, na daina sa rigar mama mai ƙarfe, ko waya ba na yarda ta kwana kusa da ni. Maigidana da farko yana lallashina, yanzu ya gaji ya ce rashin tawakkali ne kawai, uwar mijina kuma ta ce shafar aljanu ce a kai ni ruƙiyya. Anti ni dai na san ba hauka nake ba amma na kasa hana kaina. Shin gadon ciwon nan ake yi? Kuma wane gwaji zan yi wanda zai tabbatar min gaba ɗaya ba ni da shi in huta?

Maman biyu, daga Funtuwa

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Gwaggo ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ke kuma Allah ya ba ki ladan abin da kika yi mata, ba kowace 'ya ce za ta iya tsayawa a kan irin wannan ciwon ba.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, kuma ki yi haƙuri amsar ba za ta yi miki daɗi ba. Babu wannan gwajin. Ba a Najeriya kaɗai ba, ko Indiya ko Masar ko Jamus kika je babu wata na'ura da za a saka ki a ciki a ce miki daga yau har abada ke da kansa sai dai ki ji a bakin mutane. Sikanin yana nuna abin da ke wajen da aka ɗora shi ne a ranar da aka ɗora. Akwai wasu gwaje-gwajen jini da za ki ji ana tallatawa wai na gano kansa, to yawancinsu an yi su ne don bibiyar wanda an riga an san yana da ciwon, in lafiyayye ya je ya yi suna iya hawa saboda wani ɗan dalili da bai kai ya kawo ba, jinin al'ada ma kawai yana iya ɗaga wani daga cikinsu, sai a tayar miki da hankali a banza ki ƙara kashe kuɗi. Shi kuma babban hoton nan na CT da wasu ke nacewa a yi musu na duk jiki, shi kansa yana da tururin da ba a son mutum ya yi ta sha ba gaira ba dalili. Kin ga ke nan in kika ce sai kin samu tabbas ɗari bisa ɗari za ki huta, kuɗin adashi za su ƙare, na sarƙa su bi baya, hutun bai zo ba.

Kuma ke da bakinki kin ba da shaida. An yi hoton farko an ce lafiya, kika yi kwana biyu kina murna, sannan abin ya dawo. An yi na biyu, sai ya tashi daga mama ya koma wuya. Da a mama ciwon yake ai da ba zai yi ƙaura ba. Abin da ke damun ki shi ne tsoron da kansa, kuma ciwo ne da likitoci suka san shi sarai suna da suna da suke kiran sa da shi a littattafansu, wato matsananciyar fargabar kamuwa da cuta, yana kama maza yana kama mata, masu boko da marasa boko, har ma'aikatan asibiti bai bari ba, kuma sau da yawa yana tasowa ne daidai irin yadda naki ya taso, bayan mutum ya yi jinyar wani nasa ko ya ga mutuwa kusa da kusa. Ba hauka ba ne. Ba kuma raunin imani ba ne, ki ba maigidan ya karanta wannan layin.

Ga yadda abin yake aiki. Kin san mai waswasin alwala? Zai yi alwala ya gama tsaf, yana ɗaga ƙafa zuciyarsa ta ce anya ka shafi kai kuwa, ya koma ya sake, ya ɗan ji sanyi a ransa, kafin ya kai bakin masallaci ta ce anya ba ka yi tusa ba, ya sake komawa, har buta ta ƙare liman ya sallame. Duk sakewar da ya yi ba rage waswasin take ba, ƙara masa ƙarfi take, gobe sai ya fi na yau. Shi ya sa malamai ba sa ce masa je ka ƙara wankewa da kyau, cewa suke ka yi sau ɗaya ka wuce kada ka waiwaya, kuma hadisi ne ingantacce cewa mai jin kamar wani abu ya fita kada ya bar sallarsa sai ya ji ƙara ko ya ji wari. To lalubenki da Google da sikanin da tambayar maigida kullum "taɓa nan ka ji", duk sake alwala ne. Kowanne yana ba ki sauƙin minti goma ko kwana biyu, ƙwaƙwalwarki kuma tana ɗaukar darasin cewa lallai akwai haɗari tunda ga shi sai da aka duba aka samu sauƙi, sai ta ƙara sa ido, wanda ya sa wa jikinsa ido kuwa ba zai rasa abin ji ba, don jikin ɗan Adam dama ba ya shiru, nan ya motsa can ya soka, cikin ya yi ƙugi, ido ya yi rawa.

Alamomin da kika lissafa ma in muka bi su ɗaya-ɗaya. Mama dama ba sumul take ba, tana da 'yan gudaji-gudaji a ciki, kuma kafin al'ada takan cika ta yi nauyi ta yi ciwo, bayan an gama ta saki. In kika wuni kina matsa ta dole ta yi tsami, ko cinyarki kika yi wa haka sai ta yi ciwo. Mafi yawan ƙullutun da ake samu a maman mata, musamman masu shekarunki, ba kansa ba ne, wani ruwa ne ya taru, wani ƙari ne mara illa mai sulɓi da ke gudu a ƙarƙashin yatsa, wani nono ne ya daskare wa mai shayarwa. Abin da ya tokare miki wuya kuma sanannen abu ne wajen masu damuwa, naman wajen ne ke ɗaurewa, ki lura za ki ga ya fi damun ki in kina haɗiyar yawu kawai, amma in kika zauna cin tuwo yana wucewa lafiya har ki manta da shi. Wanda ake tsoro shi ne a ce abincin ne da kansa yake maƙalewa, yau nama ya ƙi wucewa, bayan wata biyu tuwo, daga baya har kunu, ga rama. Kaluluwa kuwa aikinta ke nan ta kumbura in akwai ƙurji ko ɗan rauni a kusa, aske hammata kaɗai yana jawo ta, mai ciwo ce tana motsi kuma cikin sati biyu zuwa uku ta sace, in kika ƙyale ta fa, don in kina murza ta safe da yamma ba za ta sace ba.

Maganar gado. E akwai na gado, amma kaɗan ne, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na duk masu kansa. Likitoci sukan ɗaga gira ne in suka ji an ce uwa da 'ya, ko ya da ƙanwa, ko mutum biyu uku a ɓangare ɗaya na dangi, ko wadda ta kamu tana ƙasa da shekara 40 zuwa 50, ko ta kama mama duka biyun, ko an haɗa da ta ƙwan mace, ko namiji a gidan ya yi ta mama, don maza ma suna yi. Dangin uba ana lissafawa da su kamar na uwa, ban ce a cire Gwaggo ba. Amma gwaggo ɗaya da ta kamu tana kusan sittin ba irin tarihin da ke sa a ce mace tana cikin babban haɗari ba ne. Kuma ba a ɗauka, ko shekara nawa kika yi kina wanke mata ciwon. Hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta sabbin masu kamuwa a Najeriya a 2022 kusan 128,000, kowace irin kansa, maza da mata, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ta mama ta fi yawa ne daga shekara 40 zuwa sama, ƙasa da 30 ba kasafai ba. Na faɗa miki wannan lissafin ne sau ɗaya don haƙƙinki ne ki sani, amma kada ki yanke shafin nan ki ajiye ƙarƙashin filo kina karantawa duk dare, in kika yi haka ni ma na zama wani Google ɗin.

Akwai wani abu kuma da nake so ki duba game da Gwaggo. Ban san labarinta ba amma na san labarin irinta da yawa. Mace za ta ji ƙullutu ta yi shiru don kunya, wata shida shekara, in ta faɗa a ce mata daji ne kuma daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, kada ta kuskura ta je asibiti za su yanke, sai a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe da hayaƙi, sai ciwo ya fashe ya fara wari sannan a ɗauke ta ranga-ranga a kai asibiti, in ta rasu a ce ai ga shi nan dama an faɗa asibiti ba sa iyawa. Mafi yawan matanmu a mataki na uku ko na huɗu suke isa gaban likita. Shi ya sa a idonmu kansa da mutuwa duk ɗaya ne, don ƙarshenta kawai muke gani. A ƙasashen da ake kama ta da wuri, sama da mata 90 cikin 100 masu kansar mama suna nan da ransu bayan shekara biyar. Hoton da ke kanki hoton ciwon da aka bari ne ya ci ya ƙoshi, ke kuwa da kika je hoto tun ba a ga komai ba, ba ki cikin wannan layin.

To me za ki yi. Ki zaɓi likita ɗaya, ɗaya tak, a asibitin da ke da fayil ɗinki, ki kwashi sakamakon hotunan nan ki kai masa, kuma kada ki tsaya a "ina jin abu a wuya", ki faɗa masa duk abin da kika faɗa min, har kukan dare da warin da kike ji in kin rufe ido, don shi wannan alama ce ta cewa jinyar ta bar miki tabo a zuciya kuma ana kula da shi daban. Ya duba ki da kyau sau ɗaya, ku yi yarjejeniya yaushe za ki dawo, ko bayan wata uku ko shida, kuma tsakanin nan babu zuwa wani wajen a ɓoye. Yawon asibiti-asibiti yana cikin abin da ke ciyar da ciwon, kowane sabon likita bai san ki ba, zai sake rubuta hoto don ya fita haƙƙinki, ke kuma ki ce tunda ya rubuta akwai abin da ya gani.

Duba mama kuma sau ɗaya a wata ya wadatar, bayan kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki lokacin da ta saki, da tafin yatsu a shimfiɗe ba tsunkule ba, minti biyar kin gama, sai wani watan. Abin da zai sa ki koma kafin ranar da aka ba ki sanannu ne: ƙullutu mai tauri da ya ƙi tafiya bayan al'ada ta zo ta wuce, jini daga kan nono, kan nonon ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, fatar ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, kaluluwar da ta wuce sati uku tana ƙara girma, zubar jini bayan kwanciyar aure, rama ba dalili. In babu ɗaya daga ciki, hannu ya fita daga riga.

Na san faɗa ya fi yi sauƙi. Ranar farko da za ki hana kanki za ki ji kamar ranki zai fita, ƙirji na bugawa, tafin hannu na gumi, zuciya na cewa taɓa sau ɗaya kawai. Kada ki yi kokawa da tunanin, kada kuma ki ce sai kin kore shi, ba ya koruwa. Ki ce masa na ji, sai bayan la'asar. Ki samu ɗan littafi ki rubuta "ƙarfe goma na safe, na ji suka a hagu, na ce kansa ce", ki rufe ki ci gaba da wanke-wankenki. Tashin hankalin yana hawa ne ya kai ƙololuwa sannan ya sauko da kansa ko ba ki taɓa ba, yawanci bai cika wuce rabin awa zuwa awa ba, kuma duk ranar da kika bari ya sauko da kansa, na gobe zai zo da rauni. Bayan la'asar ki ware minti goma sha biyar ki buɗe littafin ki yi damuwarki son ranki, lokaci na cika ki rufe. Bayan sati biyu ki koma shafin farko ki karanta, za ki ga sukar da kika yi wa kuka ranar Litinin ko tuna ta ba ki yi. In wanka ne matsalar ki sa soso a hannu kada fatar hannunki ta taɓa wajen, ki bar ƙofa a sakaye ɗaya daga cikin yaranki na jiran ki.

Waya kuma, ba kwananta kusa da ke ne matsalar ba, abin da kike kallo a ciki ne. Google ko ciwon kai kika rubuta sai ya kai ki ga ƙari a ƙwaƙwalwa. TikTok da Facebook kuwa in kika tsaya a bidiyon mai kansa ɗaya kika kalla har ƙarshe, gobe goma za su turo miki. Ki fita daga guruf-guruf ɗin da ake turo hotunan marasa lafiya da saƙon "a tura wa mutum goma". Haka masu maganin nan da ke kafa mota a bakin kasuwa da lasifika a sama, kin san su, murya a shaƙe ana jero wa mutane: kana jin abu na yawo a jikinka, kana jin kasala da safe, bayanka na riƙewa, tafin ƙafarka na zafi, to daji ne ya kama ka. Yo wa ye a kasuwar nan ba ya jin ɗaya daga ciki? Wanda ya wuni a tsaye a rana ai dole ƙafa ta yi zafi. Tsoron suke fara sayar miki kafin su miƙo garin magani, ki toshe kunne ki wuce. Ki mayar da maginki miya daidai misali, matsalarsa gishiri ne ga mai hawan jini, rigar mama mai ƙarfe kuma bincike bai nuna tana kawo kansa ba, in ta matse ki dai ki sauya don jin daɗinki. Abin da aka tabbatar yana da alaƙa shi ne taba da shisha da giya da ƙiba mai yawa da zaman wuri ɗaya, shayarwa kuma tana ɗan rage haɗarin ta mama. In akwai mace a yaranki, ta kai shekara 9 ki kai ta a yi mata allurar riga-kafin kansar bakin mahaifa, tun watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata 'yan 9 zuwa 14 kyauta a Najeriya, ke kuma in kin cika 30 ki je a duba miki bakin mahaifa, shi ma ba kowace shekara ba ne. Iyakar aikinki ke nan.

Malam maigida, ga naka. Cewa "ba ki da tawakkali" ba ya warkar da ita, ƙara mata nauyi yake, yanzu ga tsoron ciwo ga tsoron ta saɓa wa Allah. Amma kuma taɓawa kullum kana cewa babu komai shi ma ba taimako ba ne. Ku shirya tun da rana tsaka lokacin da hankalinta ke kwance, cewa in ta tambaya za ka ce mata "mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba, zo mu zauna", ka riƙe hannunta ka kawo wata hira. Za ta ji haushinka a satin farko, ka daure. Ita kuma Hajiya uwar miji a bi ta a hankali, ba wanda ya hana addu'a, ke kuma ƙanwata ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, a cikin addu'o'in Manzon Allah (SAW) akwai ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki akwai ta neman tsari daga miyagun cututtuka, ki tofa wa kanki da kanki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai ki inda za a rufe ki a ɗaki ana turnuƙa hayaƙi ana duka wai aljani ya yi magana, mai fargaba in aka yi mata haka ƙara rikicewa take.

In kin gwada wannan wata ɗaya zuwa biyu ba sauƙi, ko barci ya ƙi, ko abinci ya fita ranki, ko kika fara jin gara ma ki mutu ki huta, kada ki jira, ki nemi ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa. Daga Funtuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya bai yi miki nisa ba, akwai na ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai na Malam Aminu Kano. Na san abin da za ki ce, wai a gan ki a can a ce kin haukace. Ki je ki ga layin, malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da matan aure irinki da jakunkunansu. Akwai magani na zama a tattauna da ake kira CBT, shi ne aka fi tabbatar da amfaninsa a irin wannan, kusan abin da na zayyana miki ne a sama amma da mai jagora, akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da fluoxetine da likita kan haɗa da su in abin ya yi tsanani, sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ji aikinsu, in kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa. Kada dai ki je kemis a ba ki maganin barci irin su baliyam, yana kwantar da hankali a daren, amma jiki na sabawa da shi ki dawo da matsala biyu.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 31 a Kano, mun je gwajin aure aka ce ina da ciwon hanta hepatitis B, ita yarinyar ba ta da shi. Wani abokina ya ce min ƙarshensa kansar hanta ce, yayansa haka ya yi ciki ya kumbura ya rasu. Tun ranar ban koma asibitin ba duk da sun ce in dawo a yi wasu gwaje-gwaje, gaskiya tsoro nake kada a ce min ta riga ta kama ni. Yanzu wani mai magani nake saya wa jiƙo a jarka ya ce wata uku zai wanke min ita tas. Ko abinci na daina ci da 'yan gidanmu. Anti in fasa auren ne?

Ɗan'uwanku daga Kano

AMSA

Ƙanena kai da Maman biyu tsoronku ɗaya, ita ya hana ta barin asibiti kai ya hana ka zuwa, kuma a gaskiya naka ya fi ba ni tsoro, don ita ba a ga komai a jikinta ba, kai kuwa akwai abin da ya kamata a bibiya kuma ka gudu ka bar shi. Shawarar da na ba ta ta rage zuwa, kai taka ita ce gobe ka tafi.

Ba kai kaɗai ba ne, babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar, yawancinsu ba su ma sani ba, tunda dokar gwaji kafin aure ta zo a Kano a 2024 ne mutane da yawa ke jin labari. Kuma akasari a nan ƙasashenmu tun yarinta ake ɗauka, wajen haihuwa ko askar wanzami ko reza ɗaya da ake yi wa yara aski da yankan farce, don haka kada wani ya kalle ka da zargin banza. Gaskiya ne tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar hanta, ba zan ɓoye maka ba, amma mafi yawan masu ita ba sa kaiwa can, waɗanda ke kaiwa galibi su ne irin yayan abokinka, Allah ya jiƙansa, da ba a sani ba sai da ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa. Kai an gano taka kana tafiya da ƙafarka.

Gwajin da suka ce ka dawo, na ganin yawan ƙwayar ne a jini da yadda hantar ke aiki da kuma sikanin. Daga nan ake sanin ko kana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai, don ba kowa ake ɗora wa magani ba. In ana buƙata akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, ba ta kashe cutar gaba ɗaya amma tana danne ta ta rage haɗarin lalacewar hanta da kansar sosai, sharaɗin dai in an fara ba a dainawa da ka, don tana iya tasowa da ƙarfi. Wataƙila kuma su sa ka riƙa zuwa duk wata shida a duba hantar, to kai wannan ne naka tsarin, ka riƙe shi kamar ranar albashi.

Jarkar nan ka ajiye ta. Duk abin da ka sha hanta ce ke tace shi, ba ka san me aka jiƙa ba, ba ka san yawansa ba, kuma ana ganin mutanen da jiƙe-jiƙe ya ƙarasa musu hantar da dama tana fama. Ka nisanci giya, kada ka riƙa shan farasitamol barkatai, ka kula da gyaɗa da masara da suka yi fumfuna ko gyaɗar da ka tauna ka ji ɗaci, akwai guba a ciki da ke haɗuwa da wannan ƙwayar su yi wa hanta taron dangi, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ma ka san inda kake saya.

Ka koma cin abinci da 'yan gidanku, ba a ɗauka ta kwano ko gaisawa ko gumi, reza da burushi da abin yankan farce ne kowa ya riƙe nasa, su ma a gwada su. Aure kuma ba sai an fasa ba. Tunda ba ta da shi, a yi mata allurar riga-kafi, guda uku ce cikin wata shida, likita zai gaya muku lokacin da ta samu kariya, in ya so a daidaita ranar biki da hakan, kuma duk yaron da kuka haifa a yi masa tasa allurar cikin awa 24 na farko. Ka samu waliyyinta ka yi masa bayani da takardar likita a hannunka, ya fi a ji a bakin 'yan unguwa. In za ka tafi asibitin ka ɗauki wani babba a gidanku ya raka ka don kada ka kai bakin ƙofa ka juyo, ka kuma tafi da jarkar ka nuna musu abin da ka sha da tsawon lokacin da ka yi kana sha.